Kafin Baba Ya Shiga Rijiya

Ƙofar Kwaya, Katsina.
Talata, 5 ga Oktoba, 2021.
Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma.

Zuwa ga Yayana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Ramla da yara. Ya aiki, ya ɗalibai, ya kuma haƙuri da zaman Kurfi babu waya? Inna tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan Nafisa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan hali, amin.

Ina rubutu ne a tsakar gida, zaune a kan turmi, littafi bisa cinya. Baba yana zaure a kishingiɗe tun da ya dawo daga sallar La'asar, kuma daga inda nake ina jin numfashinsa. Tsakanina da shi taku goma sha ɗaya ne. Malam Sadiq direba zai tashi zuwa wajenku gobe da safe, shi zan ba takardar, don tun da aka yanke layukan waya a yankinku ba ni da wata hanyar samunka.

Yaya, Baba bai warke ba.

Yau kwana ashirin da bakwai da sallamo shi daga cibiyar killace masu korona. Kai ka koma washegari, ni kuma sai ran sha tara ga Satumba na dawo daga Sakkwato da takardar sakamakona. Ga abin da na tarar. Daga ƙofar gida zuwa masallaci taku ɗari da arba'in ne, na ƙirga. Baba yana tsayawa sau biyu a hanya. Na farko wajen injin niƙa, wai yana gaisawa da mai injin. Na biyu gindin dalbejiya, wai yana gyara takalmi. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana shiga rijiya yana fita kamar mai hawa gado. A zaune yana numfashi sau ashirin da bakwai a minti ɗaya, alhali mai lafiya ba ya wuce ashirin. Ina ƙirgawa ne ina tsintar wake kusa da shi, don in ya gane ƙirjinsa nake kallo sai ya danne numfashin.

Sista Grace, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, ita kaɗai ce a layin nan ta san ainihin ciwon. Ta ara mini 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. A zaune tana nuna casa'in da uku. In ya dawo daga masallaci tana nuna tamanin da biyar, zuciya kuma tana bugawa ɗari da goma sha takwas. Sista ta ce duk abin da ya sauka ƙasa da casa'in ba abin wasa ba ne. Baba cewa ya yi in cire masa kaguwar nan daga yatsa, shi da sauƙi. Kullum da sauƙi. Ko a gadon mutuwa ka tambayi Baba jiki, da sauƙi zai ce maka.

Ni ba likita ba ce. Gwajin jini da majina na karanta, ko bautar ƙasa ban tafi ba. Amma na iya karanta takarda, kuma na karanta wadda suka ba shi ran sallama har sau shida. Layi huɗu ce. Ta ce an gwada shi, babu ƙwayar cutar, yana iya komawa gida. Babu ranar dawowa, babu sunan magani, babu abin da zai kiyaye, ko sunansa ba a rubuta ba sai lambar gado. Inna ta ce an jera su an tafa musu, an ɗauki hoto. To an tafa. Kwana goma sha biyar mutum yana shan iska ta roba, sai a sallame shi da tafi kamar wanda ya ci gasar karatu? Fitar ƙwayar cuta daban, warkewar huhu daban. Wannan ko ɗan aji biyu a makarantarmu ya sani.

Abu na biyu da ke ci mini rai, har da kai a ciki, ka yi haƙuri. Ku kuka zauna da Baba kuka yanke a ce wa mutane taifot ya yi. Na fahimci dalili, kada a guje mu, kada a daina kiransa aiki. To ga inda ta kai mu. Duk wanda ya shigo dubiya da maganin taifot yake zuwa. An dafa ganyen gwanda, an dafa ɓawon abarba da lemun tsami, mai kemis na bakin titi ya yi masa allurai zagaye biyu yana shirin na uku. Ana ta yi wa Baba maganin cutar da ba ta taɓa kama shi ba, shi kuma yana miƙa hannu yana godiya, don in ya ƙi za a tambayi dalili.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Alhaji Siddiq na Batagarawa ya zo. Rijiyar gonarsa ta zabtare daga ƙasa bayan ruwan ƙarshe, yana son a yashe ta a ɗaure kafin a dasa tumatir. Baba ne ya haƙa ta shekara tara da suka wuce, gaba goma sha biyu ce. Ina bayan ƙofa ina ji Baba ya ce ran Asabar ta sama, sha shida ga wata, in Allah ya kai mu. Mutumin da ba ya iya kai kansa masallaci a tsaye ɗaya, shi ne zai sauka gaba goma sha biyu, inda iska ko ga mai lafiya ba ta isa, ya yi ta cika guga da laka, sannan ya hauro da ƙafarsa.

Na yi masa magana, ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Inna ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da sana'arsa. Saura kai. Kai ne ɗan fari. Baba ba ya kama sunanka, ba ya haɗa ido da kai, kuma tunda nake ban taɓa jin ka faɗi magana ya musa ba, kunya ba ta barinsa. Don Allah ka zo, ko ka rubuto masa a fili cewa kada ya shiga. Ni gobe zan tafi asibiti neman likitan ƙirji.

Ka gaishe da Anti Ramla da yara. Allah ya tsare hanya.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

Litinin, 11 ga Oktoba, 2021.
Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar na rana.

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya gajiyar makaranta, ya su Nafisa? Malam Sadiq ya tabbatar mini hannu da hannu ya ba ka takardata ran Laraba. Ina nan ina jiran amsa.

Wannan karon a kan benci nake rubutu, a ƙofar ɗakin ajiye fayil na asibiti, ka yi haƙuri da rubutun.

Ran Laraba na je sashen masu ciwon ƙirji. Suka ce ba sa ganin wanda ya kwanta a cibiyar killacewa sai da fayil ɗinsa na can. Na je cibiyar, na tarar saura ɗaki ɗaya ke aiki, an kwashe fayilolin a kwalaye an kawo nan. Mai kula da su wani dattijo ne mutumin Filato, Malam Timothy, Allah ya saka masa da alheri. Ya tambayi sunan marar lafiya. Ka san ni ma bakina ba ya iya ɗauka, sai na rubuta masa a takarda: Audu Sale. Ya duba rajista daga farkon Agusta zuwa ƙarshen Satumba, babu. Ran Alhamis muka sauke kwalaye huɗu, babu. Ran Juma'a ya tambaye ni a hankali ko na tabbata nan aka kawo shi, don wasu sukan zo neman takarda kan ciwon da ba su yi ba. Na fita na tsaya bayan ginin na yi kuka, sannan na hau kurkura, keke mai ƙafa uku, na koma gida.

A hanya ne abin ya faɗo mini. Ran ashirin da huɗu ga Agusta, da numfashin Baba ya sarƙe, kai kana Kurfi, ni ina Sakkwato. Inna ce kaɗai ta kai shi, shi kuma ba ya iya magana. Ina shiga gida na tambaye ta wane suna ta ba mai rubuta kati. Sai ta ja gyale ta rufe baki. Ta ce ita da ta shekara talatin da takwas ba ta kama sunan nan ba, a gaban yaron da ta haife shi za ta fara? Ce masa ta yi Malam ne, mai rijiya. Da ya tambayi wanda za a nema in wani abu ya taso, ta miƙa masa 'yar takardar da lambar wayarka ke ciki, ta ce Magaji, sunan da take kiranka da shi.

Yau da safe na dawo. Minti shida Malam Timothy ya yi ya zaro shi. Suna: Malam Mairijiya. Ɗan'uwa na kusa: Magaji. Ya yi dariya har da share hawaye, ni ma na so in yi, ban iya ba.

Ban ga laifin Inna ba. Wanda ya rubuta katin nan na ga sunansa a ƙasa, ɗan garin nan ne, uwarsa ma ba ta kama sunan ubansa. Ya san abin da ke gabansa. Ko a ce ranar gaggawa ce, to sauran kwana goma sha huɗun fa? Baba ya farfaɗo, yana magana, yana cin abinci, babu wanda ya tsaya bakin gado ya ce Malam, ya sunanka?

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Malam Timothy ya bar ni na karanta fayil ɗin a gabansa. A shafin ƙarshe, ran takwas ga Satumba, likita ya rubuta abu huɗu da Turanci. Hoton ƙirji ya nuna tabo a huhu duka biyu. Maganin da aka ba shi ya ɗaga sukarin jininsa, a sake aunawa. Ya dawo ran ashirin da biyu ga Satumba. Kada ya yi aikin ƙarfi har wata uku. Yaya, an sani. Tun ran da ake tafa masa an sani. An rubuta an rufe cikin kwali, aka miƙa masa takarda mai layi huɗu. Babu wanda ya faɗa masa da Hausa, babu wanda ya faɗa wa Inna, kai ma da ka zo ɗaukarsa a bakin ƙofa aka tsayar da kai.

Tsarinsu wai shi ne a kira mutum a waya a tuna masa ranar dawowa. Kuma sun kira, ga shi a rubuce: ran ashirin, ran ashirin da ɗaya, ran ashirin da biyu. Lambarka suka kira. Sau uku suna kiran wayar da ke Kurfi, a lokacin da ko mai tallan gyaɗa a Katsina ya san babu layi a Kurfi. Sannan wani ya ɗauki jan biro ya rubuta ba a same shi ba, ya ja layi biyu. A saman wannan shafin, da rubutun mutum ɗaya, ga adireshi: Ƙofar Kwaya, bayan injin niƙa. Daga ƙofar asibitin zuwa ƙofar gidanmu minti goma sha huɗu ne a kurkura, na duba agogo.

Na ɗauki fayil ɗin da rakiyar Malam Timothy zuwa sashen ƙirji. Ran Litinin kawai likitan ke zama, na yau kuma sun cika tun ƙarfe tara. Na roƙa, na nuna lambobin da nake rubutawa safe da yamma. Matar da ke kan tebur ta ce in numfashin ya tsananta mu kawo shi sashen gaggawa, in ba haka ba Litinin mai zuwa. Ta rubuta mana sha takwas ga wata.

Rijiya sha shida. Likita sha takwas. Kwana biyu ne tsakani, kuma kwana biyun nan nake roƙo.

Zan kai takardar nan tasha kafin in koma gida. Ka zo, Yaya. Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

Ƙofar Kwaya.
Alhamis, 14 ga Oktoba, 2021.
Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe.

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso jiya da Azahar, tare da buhun gawayi da kuɓewar da Anti Ramla ta aiko. An gode, Allah ya ƙara buɗi.

Na karanta. Ka ce hanya ba ta da kyau kuma shugaban makaranta ba zai sake ka ba. Wannan na yarda, ba na son a gyara ɗaya a ɓata ɗaya. Ka ce Baba ya fi mu sanin jikinsa. Ka ce in rage zafin kai, karatu ba hauka ba ne. Ka ce in kiyaye sirrin gida, don bakin mutanen unguwa ya fi cutar ciwo. Sannan ka sa 'yar takarda ta Baba a ciki. Na buɗe ta, ban ɓoye maka ba. Gaisuwa ce, da addu'a, da cewa a riƙa hutawa. A riƙa hutawa, Yaya? Shi kunya ta hana shi musa maka, kai kuma kunya ta hana ka faɗa masa. Na kai masa, ya ji daga wajenka take, ya kau da kai ya ce a ajiye. Tana nan ƙarƙashin filo ba a karanta ba, kuma ko an karanta babu abin da za ta hana.

Ran Litinin da na dawo na zauna na fassara masa abin da likita ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama. Ya ce in da gaske ne da sun faɗa masa, ai da bakinsu. Ka ga abin da suka jawo? Na ce to a ɗaga aikin zuwa Talata, bayan an ga likita. Ya ce ya riga ya ba Alhaji rana, an tara 'yan dashe, irin tumatir ba ya jira, kuma shi tunda yake bai taɓa ɗaga ranar da ya sa ba. Daga baya ya faɗi ta cikinsa. Wai ana cewa a majalisa Mairijiya ya ƙare, yanzu zamanin borehol ne. In ya ce ba zai iya wannan ba, shi ke nan an tabbatar.

Na kawo maganar ƙarancin iska a ƙasan rijiya. Nan ya gyara zama, ya ce mi na sani game da rijiya. Ya bayyana mini yadda suke yi, kamar ban taso ina gani ba. A ɗaura fitilar ƙwai a igiya a zura har ƙasa. In ta mutu, a ɗaure ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya. In ta ci gaba da ci, mutum ya shiga. Ya ce fitila ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce gaskiya ne, amma fitila rijiyar take aunawa, ƙirjin mai shiga fa, wa ya auna? Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Yau da safe a zaune na'urar ta nuna casa'in da biyu. Ya fito da igiyarsa ya shanya, yana bin ta gaba-gaba yana duba inda ta ci. Malam Bawa, abokin aikinsa mai riƙe masa igiya, ya zo sun yi shawara a zaure.

Ba zan sake roƙonka ba, lokaci ya ƙure. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Ina dai sanar da kai ran Asabar ba zan zauna a gida ina tsintar wake ba.

A gaida yara.

Fiddausi.

Ƙofar Kwaya, Katsina.
Litinin, 18 ga Oktoba, 2021.
Ƙarfe biyar da minti biyar na yamma.

Zuwa ga Yayana Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kai da Anti Ramla da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya shirin Maulidi? Takardata ta ran Alhamis ta yi zafi, ka yafe mini kalmomin. Maganar dai ban janye ba.

Ina ɗakin Inna, ƙofa a rufe. Baba yana raye, bai shiga rijiyar ba, kuma yau ya ga likita. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta. Sauran kuma gara ka ji daga bakina kafin Malam Sadiq ya ba ka nasa.

Ran Asabar sun fita ƙarfe bakwai da rabi, shi da Malam Bawa. Na ba su minti goma na bi bayansu. Daga bakin titin Batagarawa zuwa gonar akwai 'yar tafiya, ina hango su. Sau uku Baba ya tsaya yana duba dawar mutane. Da na isa, ƙarfe tara saura minti ashirin, akwai Alhaji Siddiq da 'yan dashe bakwai, mata huɗu maza uku. An zura fitila, ta dawo tana ci. Baba ya tuɓe riga, Malam Bawa ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Yaya, rabon da in ga Baba ba riga tun kafin ciwon. Haƙarƙarinsa a fili, fatar tsakaninsu tana lotsawa ciki duk jan numfashi. Ya gan ni, ya zauna bakin rijiyar ya zura ƙafa ɗaya yana laluben matakin farko.

Na durƙusa gaban Alhaji na gaishe shi, ya amsa yana mamaki. Sai na ce, da muryar da kowa zai ji:

"Alhaji, ka yi mini haƙuri. Ba taifot Baba ya yi ba, korona ce. Kwana goma sha biyar ya yi a killace, huhunsa bai warke ba, likita ya hana shi aikin ƙarfi. In ya sauka rijiyar nan, sai dai a jawo shi."

Na ci gaba da bayani cewa ya daɗe da daina yaɗa ta, babu abin da zai sami kowa. Wannan rabin babu wanda ya ji. 'Yan dashen sun ja baya, wata ta rufe hanci da bakin zane. Alhaji, wanda ya gama musabaha da Baba, ya nemi a zuba masa ruwa a hannu. Ya ce subhanallahi, me ya sa ba a faɗa ba, in mutum ya mutu a rijiyarsa wa zai ƙara shan ruwanta. Ruwan rijiyarsa ne abin da ya fara tunawa, Yaya. Malam Bawa ne kawai bai matsa ba. Ya tsuguna ya kwance igiyar da hannunsa, yana cewa shi dama tun a hanya jikinsa ya ba shi, nauyin baki ne ya hana shi.

Baba ya jawo ƙafarsa, ya miƙe, ya sa riga, ya naɗe igiyar tsaf. Sannan ya dube ni ya ce, "Kin gama?"

Ita ce maganar ƙarshe da ya yi mini har yanzu. Ya ƙi shiga kurkurar da na tsayar, ya jira wata.

Kafin Magariba labari ya riga ya zagaya unguwa. Ka yi gaskiya game da bakin mutane, ban ƙi ba. Jiya a masallaci, in ji Malam Bawa, an bar gurbin mutum ɗaya a kowane gefen Baba. Mutum biyu da suka yi masa maganar aiki bayan kaka sun aiko cewa sun fasa. Yaran da ke zuwa sayen ƙuli-ƙulin Inna ba su zo ba. Inna ta ce na kyauta, na yi wa ubana tsirara a gaban 'yan dashe. Mutanen nan sati biyar suna zama da shi tabarma ɗaya suna ɗura masa ruwan ganyen gwanda, babu abin da ya same su. Yau da suka ji sunan ciwon ne ya zama abin gudu.

Da safen nan ban yi zaton zai je asibiti ba. Sai na ji yana ce wa Inna ta miƙo masa hularsa, tunda an riga an yi tallansa babu sauran abin ɓoyewa. Da Malam Bawa ya tafi. Na bi su daga nesa, na zauna a waje. Sista Grace ce ta shiga da su, ita ta fito ta ba ni labari. An sake hoto, tabon yana nan. Sukari ya hau sosai, an fara masa magani, an ce a daina allurar kemis. An ba shi abin shaƙa, an koya masa motsa numfashi safe da yamma, zai koma bayan sati huɗu. Da likitan ya ji sana'arsa da zurfin rijiyar, ajiye biro ya yi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tambayi dalilin da ya sa aka makara kawo shi. Allah ya taimake ni ba na cikin ɗakin.

Ban yi nadama ba, kada ka rubuto kana neman in ce na yi. Amma tun Asabar abincin da na dafa Baba ba ya ci, sai Inna ta sake ɗora wani.

Ka san ni da son rubuta abin da na tabbatar. Ga wanda ban tabbatar ba.

Ban sani ba ko tabon zai baje ko ya zauna ke nan. Likita ya ce sai an ga hoto na gaba, wataƙila sai an tura shi Kano.

Ban san ko sukarin na maganin ne zai sauka, ko ya zo zama ba.

Ban san ɓarnar da kwana ashirin da shidan nan suka yi ba, daga ranar da ya kamata a gan shi zuwa yau, kuma na san babu wanda zai faɗa mini.

Malam Timothy ya ce a kwalin da aka sami na Baba kaɗai akwai fayil goma sha tara masu jan biro. Ban san su waye ba, ban san aikin da suka koma ba.

Ban sani ba ko Baba zai sake shiga rijiya. In kuma ba zai sake ba, ban san abin da mutum irinsa zai riƙa yi da safiya ba.

Takardar kiran bautar ƙasa tana iya fitowa kowane lokaci. Ban san wanda zai tuna masa ran sha biyar ga Nuwamba ba in na tafi, ban kuma sani ba ko kafin nan zai amsa gaisuwata. Gobe da safe dai zan sake durƙusawa a ƙofar zaure.

Inna tana gaishe ku. Ka gaishe da Anti Ramla, ka shafa mini kan yara. Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Fiddausi.